Kalmar Da Ta Taso Daga Rubutu Ta Sauka A Kan Tuba

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Akwai wata tsohuwar kalmar Turanci da mutanen Ingila na yanzu ba su cika furtawa ba, ita ce shrive. A coci ake amfani da ita: fada, wato limamin coci, ya saurari mai zunubi yana faɗin laifinsa, ya ɗora masa abin da zai yi na kaffara, sannan ya sanar da shi an yafe masa. Tushenta kalmar Latin ce, scribere, wato rubutawa. Jamusawa ma sun are ta, har gobe schreiben rubutu ne a wurinsu. Amma a bakin Turawan Ingila, fiye da shekara 1000 da suka wuce, sai ta koma yanke hukunci, daga nan ta gangara zuwa tuba. Sawunta yana nan a sunan Talatar jajibirin azumin Kiristoci na kwana 40, Shrove Tuesday.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai, rubutu da tuba a cikin kalma guda. Suratul Infiɗar ta gaya mana akwai masu tsaro a kanmu, masu daraja, marubuta, suna sane da abin da muke aikatawa. Alƙalaminsu bai taɓa hutawa ba. Mu kuwa Allah Ya sauƙaƙe mana, babu wanda za ka durƙusa ka tona wa asirinka. Kai da Ubangijinka ne: ka yi nadama, ka bar laifin, ka ƙudura ba za ka koma ba. In da haƙƙin wani a wuyanka, ka mayar masa, domin istigfari ba ya biyan bashi.

Daga kalmar nan ta shrive ne Turawan Ingila suka samu short shrift, ɗan taƙin lokacin da a da ake ba wanda za a kashe ya faɗi zunubansa kafin a zartar masa da hukunci. Shi ko ba komai an gaya masa ranarsa. Ni da kai fa? A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce Allah yana karɓar tuban bawa matuƙar bai kai gargara ba.

Ni dai akwai ɗan'uwan da na ci namansa a bayan idonsa, wata uku ke nan ina cewa sai gobe. Yau bayan la'asar zan je gidansa, in sha Allah.