Yadda Na Ci Kaina Shida da Nema

Ranar da na shigo gida da kwalin wasan Klask a hammata, niyyata ita ce in raba yarana da latse-latsen waya, kuma ban ɓoye wa kowa ba cewa ni ne zan koya musu. Na karanta takardar dokokin tun daga farko har ƙarshe, sannan na tara mutanen gidan na yi musu jawabi cewa wani kafinta ɗan ƙasar Denmak mai suna Mikkel Bertelsen ne ya ƙirƙiro wasan, aka fara sayar da shi a 2014. Babu wanda ya tambaye ni wannan tarihi, amma na ga ya kamata su san malaminsu ya yi bincike.

Wasan wani ɗan akwatin katako ne marar murfi da ke tsaye a kan ƙafafu, da rami ɗaya a kowane ɓangare, kuma mutum biyu ne ke yin sa. Kowa yana da baƙin mabugi a saman allon, amma ba a taɓa shi da hannu, sai dai mutum ya cusa hannunsa ta ƙarƙashi ya riƙa jan sa da maganaɗisu, yana neman jefa 'yar ƙwallo a ramin abokin karawarsa. A tsakiya akwai fararen maganaɗisu uku kamar maɓallan riga, waɗanda idan biyu suka manne wa mabuginka, abokin hamayya ya sami maki. Haka nan idan mabuginka ya faɗa raminka, ko ya kuɓuce maka ka kasa dawo da shi. Wanda ya fara kai maki shida shi ya ci.

Autarmu mai shekara takwas ce ta zauna a gabana. Na ce mata kada ta yi kuka idan ta sha kashi, domin da koyo akan iya. Ta ce, “To, Baba.”

Ta bugo ƙwallo a hankali, ni kuma, da yake na karanta dokoki, na ja da baya domin in tsare gida. Abin da takardar ba ta koya mini ba shi ne cewa hannun da ke ƙarƙashin allo ba shi da ido, kuma bai san inda rami yake ba. Sai jin wata ƙara muka yi, ƙwas, mabugina ya zurma cikin ramina, alhali ƙwallon tana can gefe ba ta ko iso ni ba. Daga wannan ƙara aka samo sunan wasan, kuma na yi ƙoƙarin bayyana wa yarinyar haka cikin natsuwa, amma ta riga ta matsar da alamar makinta.

A karo na biyu na sauya dabara na kai farmaki tsakiya, na dawo da fararen maganaɗisu biyu maƙale a jikin mabugina kamar kaska. Na girgiza shi iya ƙarfina, suka ƙi sauka. A na uku na fusata na ɗirka wa ƙwallon duka da ƙarfin da ya ishi sare itace, mabugin ya tsinke daga maganaɗisun da ke hannuna, ya gangara ɓangarenta ya kwanta. Na miƙa hannu ta ƙasa in jawo shi, yatsuna suka ci karo da katakon da aka gindaya a tsakiya, wanda na tabbata saboda irina aka sa shi.

Uwargida, wadda ta ce tun farko ba ruwanta da wasan yara, ta jawo kujera ta zauna. Da na sake faɗawa rami sau biyu a jere, ta tambaye ni cikin ladabi, “Maigida, ko akwai wani shafi a takardar da ba ka kai ba?” Na amsa cewa teburin ne bai daidaita ba, aka kuwa juya allon muka yi musayar wuri, na kwashi farare biyu tun kafin in gyara zama. Shida da nema ke nan, cikin abin da bai kai minti biyar ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar ba ta jefa ƙwallo a ramina ko sau ɗaya ba. Zama kawai ta yi tana kallona ina yi mata aiki.

Da dare ya tsala, kowa ya kwanta, na lallaɓo falo da fitilar waya domin in yi atisaye a asirce. Na yi zagaye uku lafiya, har na fara jin hannuna ya faɗa, na kuma soma tsara jawabin da zan yi da safe. A zagaye na huɗu aka ji ƙwas, cikin shirun da ko allura ta faɗi sai an ji. Daga can cikin ɗaki wata siririyar murya mai cike da barci ta ce, “Baba, wannan ma nawa ne, ka matsar mini.”