Zanen furen wardi bai tsaya ga ado ba

Na karanta wani labari da ya ce kyamara ta rage wa zanen tsirrai daraja, kuma ina ganin marubucin bai yi wa masu zanen adalci ba. Hoto yana ɗaukar fure ɗaya ne a yanayin da ya same shi, ko da tsutsa ta ci gefen ganyen, alhali mai zane yana iya tara toho, da buɗaɗɗen fure, da 'ya'yan da ke fitowa bayan furen ya kaɗe, duk a shafi guda, ko da yake watanni ne ke raba su a jikin itacen.

A dubi aikin mai zanen furanni Pierre-Joseph Redouté, wanda littafinsa na furannin wardi ya fito a Faransa tsakanin 1817 da 1824, tare da bayanin masanin tsirrai Claude-Antoine Thory. Mai kallo zai fara da sha'awar launi, amma masani ƙaya yake dubawa, ko miƙaƙƙiya ce ko lanƙwasasshiya, sannan ya ƙirga ƙananan ganyen da ke jere a kara ɗaya, ya lura da tsagin bakinsu mai kama da haƙoran zarto. Da irin waɗannan alamomi ake rarrabe iri da iri.

Busasshen samfurin tsiro da ake mannawa a takarda kuwa, launinsa kan dushe da daɗewa, shi ya sa har yau masu bincike ke ajiye zane kusa da shi.