Sansui ɗin Baba ba bola ba ne

Duk wanda ya rubuto min "haƙuri, ai tsohon kaya ne" a ƙarƙashin hoton da na saka jiya, na gode, amma don Allah ya isa haka. Ɗan yayana ya ɗauki Sansui ɗin marigayi Baba, wato rediyonsa mai amfilifaya, ya miƙa wa ɗan jari-bola, aka ɗora a sikeli kamar buhun dankali a kasuwar Farin Gada ta Jos, aka ba shi kuɗin da ko datar wata ba za ta saya ba, wai yana share ɗaki. Sannu da ƙoƙari, sarkin tsafta.

Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji Baba ya saye shi a 1975, lokacin da ma'aikata suka karɓi ariyas kowa ya ruga kanti, wannan Pioneer wancan Kenwood wani Akai. Shekara hamsin, gyaransa biyu kacal, ɗaya fis ɗaya ƙwan da ke haska allon tashoshi. Wannan ne tsohon kaya?

Wani ya ce ai nauyi ne kawai. To nauyin ne maganar malam! Taransifoma ce a ciki cike da jan ƙarfe, shi ɗan jari-bola ya fi ku sanin darajarta shi ya sa bai yi gardama ba. Pioneer SX-1980 da aka fitar a 1978 ya haura kilo 35, wat 270 kowane ɓangare, wat na gaskiya, don tun 1974 hukuma a Amurka ta tilasta wa kamfanoni su rubuta ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a jere ba wanda take tsalle ta taɓa na ƙiftawar ido ba. Yau ka shiga shago a Ahmadu Bello Way ka ga 'yar robar da yaro zai ɗaga da yatsa biyu an rubuta mata 5000W PMPO, wato irin wancan ƙarfin na ƙiftawar ido, kai da ji ka san zance ne.

Masu cewa bulutut ya fi sauƙi, eh na ji. Indomi ma ta fi tuwo sauƙi. Ku saka kuntigi ko kalangu a wannan 'yar robar ku ji yadda take dum-dum kamar ana buga jarka, sannan ku zo ku ji a amfilifaya mai bawul, wato kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti. Ina da ƙarama guda mai bawul biyu samfurin EL34, sai ka kunna ka jira kusan rabin minti kwalaben su yi ja tukuna murya ta fito, in ka ƙure ta ba ta tsage maka kunne, laushi take yi. A sanyin Disamba na Jos har hannu nake ɗumamawa a kanta. Tana shan wuta, tana zafi, akwai sama da bolt 300 a ciki da zai iya kashe mai karambani, duk na yarda. Amma in ta lalace ana buɗewa, a canza kafasitar da ta bushe, a sa sabon bawul don har gobe ana ƙera su a Rasha da Sin da Sulobakiya, ta ci gaba da aiki. Taku in batir ya kumbura sai bola. Wacce ce bola a nan?

Wallahi ba kuɗin ne ya dame ni ba. Maɓallin neman tasha ya goge daidai inda babban yatsan Baba ke zama, kullum bayan asuba. Yanzu wani ya sa guduma a wurin.

Ban yi wa yaron faɗa ba, uwarsa ta riga ni.

Af, wa ya san inda ake samun allurar faifai a garin nan? Tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 masu irin kayan nan suka watse, tsohon da ke min gyara ma ya koma canza sikirin ɗin waya, ya ce rediyo ba ta ciyar da gida.