Kada mu cire yara daga makaranta don mai digiri yana acaɓa

Maganar da ta fi yawo a majalisun ƙauyukanmu yanzu, daga Taura har Gumel, ita ce wai boko ya mutu. Da an ɗauko zancen makaranta sai wani ya ce, "Ga ɗan gidan wane can, ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, yanzu acaɓa yake yi a tasha. Ga sa'ansa da bai taɓa shiga aji ba, yana loda shanu daga Maigatari zuwa Legas, ya gina gida, ya kai tsohuwarsa Makka." Sai kowa ya gyaɗa kai, a rufe zance. Da a bakin majalisa maganar ta tsaya da ban damu ba. Amma aiki ake yi da ita. Ana zare yara daga aji huɗu da aji biyar na firamare, namiji a tura shi cirani, mace a ɗora mata talla, kuma hujjar da ake kafawa ita ce wancan mai digirin da ke kan babur. Wannan abin yana ci mini rai matuƙa.

Masu faɗar haka ba ƙarya suke yi ba a kan abin da idonsu ya gani. Aikin gwamnati ya yi ƙaranci, kuma ɗan wanda ke akwai kowa ya san sai mai uwa a gindin murhu. An kawo N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ɗaukar matasa aikin wucin gadi, a 2016, ana ba matasa naira 30,000 a wata, aka yi 'yan shekaru aka sallame su, da yawa suka dawo inda suka fito. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, a shekarar da buhun shinkafa ya haura wannan kuɗin. Uban da ya sayar da ɗan bijiminsa ya biya wa yaro kuɗin jami'a, ya zo ya ga yaron yana zaman jira, yana da damar ya ji ciwo. Saboda haka idan tambayar ita ce ko sai da digiri mutum zai samu abin yi mai kyau, amsata a'a ce. Na san makaniki a Gujungu da ke samun abin da darakta ba ya samu. Na san tela mace da ke riƙe da gida guda da keken ɗinkinta.

Sai dai tsakanin "digiri ba dole ba ne" da "cire yaro tun bai iya karanta sunansa ba" akwai tafiya mai nisa, kuma a nan ne ake cutar 'ya'yan talakawa.

A duba falken shanun nan da ake misali da shi. Yawanci ubansa dillali ne, ko kawunsa ya ba shi jari, ko ya samu ubangidan da ya riƙe shi shekaru har ya yaye shi. Sa'anninsa da suka bar makaranta rana ɗaya da shi fa? Ba a lissafa su a majalisa. Suna Legas da Fatakwal da Abuja, wani ga-ruwa, wani yankan farce, wani gadi a ƙofar gidan da ko sunansa ba a sani ba. Sai damina ta kama su dawo da ciwon baya da 'yan canjin da ba sa isa sayen taki. Mutum ɗaya da ya dace muke gani, mun kawar da kai daga taron da ba su dace ba. Ɗan da ubansa ba shi da jari, ba shi da gona mai faɗi, ba shi da ubangida a kasuwa, idan ka hana shi karatu me ka bar masa in ban da ƙarfin ƙirjinsa?

Shi kansa falken, tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kasuwa ta sauya masa. Ciniki ya koma taransifa. Ka je Maigatari ranar Alhamis ka gani: dattijo mai shanu na miliyoyi yana tsaye, ya miƙa wa ɗan saurayi wayarsa yana cewa, "Ɗan nan, duba mini, kuɗin sun shigo?" Dukiyarsa kaf tana rataye a kan gaskiyar yaron da ya iya karatu. Wasu an nuna musu alat na bogi sun saki kaya. Wasu sun ba mai POS lambar sirrin katinsu don ba su iya dannawa da kansu. Ka tambayi waɗannan alhazan inda 'ya'yansu suke, za ka tarar suna makaranta, wasu ma ta kuɗi a Kano. Sun san abin da suka rasa.

Har Alhassan Ɗantata ake kawowa, wai ai bai yi boko ba. Gaskiya ne, amma ya yi karatun allo a Bebeji, ya san lissafin kasuwarsa, kuma zamaninsa zamanin goro da gyaɗa ne, ya rasu tun 1955. Zuri'arsa ba su ce tunda kaka ya yi arziki ba boko mu ma mu zauna haka ba. Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa, sai da ya je Azhar a Alƙahira ya yi karatu kafin ya shiga kasuwa.

Mu dawo gona, tunda ita ce ainihin aikinmu. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta taɓa 1,000. Masu noman rani a Auyo da Haɗeja, da na Kura da Kadawa, da yawa suka ga injin fetur zai cinye musu riba, suka koma injin ban-ruwa na sola. Nan take wata sana'a ta buɗe. Akwai wani yaro a yankinmu, sakandare kawai ya gama, ya bi wani mai haɗa sola ya koya. Na tsaya na kalle shi yana aiki a bakin wata rijiyar burtsatse. Ya tsuguna ya karanta 'yar takardar da ke manne a jikin famfon, ya juya faifan sola ya duba lambobin da ke bayansa, ya ciro biro ya yi lissafi a kan kwalin da aka kawo kayan, sannan ya ɗago ya ce wa mai gonar, "Baba, faifai huɗu ba za su ja wannan ba, sai shida. In aka bar shi haka, da rana ta karkata ruwa zai tsaya." Mai gonar ya so ya yi gardama, yaron ya nuna masa lissafin. Yanzu har daga wasu garuruwa ake zuwa ɗaukarsa a babur. Ba shi da digiri. Amma da an cire shi a aji huɗu, iyakarsa ɗaukar faifan a ka, a ba shi na abinci.

Haka maganin feshi. Adadin da za a zuba a tankin lita 16 yana rubuce a jikin kwalba, da kwanakin da za a jira kafin a girbe. Wanda bai iya karatu ba da murfi yake aunawa, ya ƙara "don ya yi ƙarfi", ya ƙone tumatur, ko ya kai wa mutane guba kasuwa. Haka riɗi da zoɓo. Mu ke nomawa a Jigawa, zoɓonmu har Meziko yake zuwa, riɗinmu Japan da Turkiyya, amma ribar mai tsoka tana hannun wanda ya iya karanta sikeli da takardar ciniki, ya iya kiran mai saye ya ji farashin kasuwar Dawanau ta Kano kafin ya taya.

Inda maganar ta fi yi mini zafi shi ne wajen 'ya'ya mata. Namiji ko bai yi karatu ba zai iya fita ya yi dako. Mace idan aka cire ta, an rufe mata ƙofa da yawa lokaci guda, kuma garin duka ne ke asara. Magidanci ne zai kai matarsa asibitin ƙauye tana naƙuda cikin dare, ya tarar ma'aikaci namiji ne, ya ce Allah ya kiyaye, ya mayar da ita gida. Sai abu ya ɓaci a nemi mota zuwa Jahun, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka daɗe suna karɓar haihuwa mai wahala da ɗinkin yoyon fitsari. Shi ne kuma mutumin da ya hana 'yarsa wuce aji shida. To, Malam, unguwarzoma macen da kake so ta duba iyalinka, 'yar wa za ta zama? Makarantar jinya ta Birnin Kudu da ta kiwon lafiya ta Jahun ba a shigarsu da alfarma kawai, sai da kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, har da Turanci da lissafi da darussan kimiyya. Irin waɗannan ayyuka, jinya da unguwarzoma da koyarwa, babu wata hanya ta bayan gida, kuma su ne ayyukan da har gobe ake neman 'yan asalin gari a kansu ana rasawa.

Akwai ƙorafi ɗaya na iyaye da na ɗauka da muhimmanci fiye da zancen mai digiri, wato ita makarantar kanta. Yaro ya shekara shida yana zuwa, ya shiga ƙaramar sakandare, ka ba shi wasiƙa da Hausa ya kasa haɗa baƙi. Aji babu benci, rufin kwano iska ta yaye tun bara, malami ɗaya yana zagaya aji uku. In jarrabawa ta zo a haɗa kuɗi a rubuta musu amsa a allo. Wanda ya bi ta wannan hanyar har ya kai jami'a zai fito da takarda, amma ba zai iya rubuta takardar neman aiki ba, kuma wasu daga cikin waɗanda ake nunawa a tasha haka aka yi musu. Uban da ya ce wannan ɓata lokaci ne ba zan ce ya yi ƙarya ba. Abin da zan ce shi ne mun taɓa ganin makaranta mai aiki a ƙasar nan. A 1977 tsohuwar jihar Kano, lokacin Jigawa na cikinta, ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. 'Ya'yan manoma aka kwaso daga ƙauyuka, kuma likitoci da injiniyoyi da yawa da ake ji da su a Kano da Jigawa yau daga can suka fito. Iyayensu ba su fi namu kuɗi ba. Malamai aka ba su, aka koyar da su da gaske.

Kuma babu wanda ya ce a zaɓi ɗaya tsakanin allo da boko da sana'a. Yaro ya je boko da safe, ya je allo ko Islamiyya da yamma, Asabar da Lahadi da hutu ya tafi garejin kawunsa ko shagon ɗinki. Mutane da yawa haka suka tashi, kuma su ne ba sa zaman banza ko an ɗauke su aiki ko ba a ɗauka ba. Matasanmu masu takarda su ma su sani, duk ranar da suka wuni a gindin bishiya suna jiran ofis, da su ake kafa hujja a cire ƙannensu.

Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. Haƙƙin ɗanka ne, ba alfarmar kansila ba. Yau da daddare ka kira yaronka ko yarinyarka, ka ba shi kwalbar maganin feshi ko katin asibiti ka ce ya karanta maka. Idan ya karanta, ka bar shi ya ci gaba ko da za ka sha wuya. Idan ya kasa, ka nemi iyaye uku ko huɗu ku je wajen hedimasta ranar Litinin, ku tambaye shi malamai nawa ke cikin rajista, nawa ke zuwa aiki. Ku kai amsar gaban mai gari da kwamitin makaranta, in ba a motsa ba ku wuce ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.