Sau uku ana cire min iska a birki, ashe kalifa aka juya

Wallahi yau na haɗiyi baƙin cikin da ban taɓa haɗiyar irinsa ba a shekarun da nayi a Jidda, kuma abin takaicin ba Balarabe ne ya min ba, ba ɗan Pakistan ba, namu ne, Bahaushe ɗan uwana da muke gaisawa a masallaci muna tambayar juna mutan gida.

Istimarar motata, wato takardar rajistarta, ce ta kusa ƙarewa, kun san kuma ba a sabuntawa sai an ci fahas, wato gwajin lafiyar mota. Na kai Camry ɗin nan tawa ta 2009, aka ɗora ta kan abin nan mai juya taya, takarda ta fito wai birkin gaba bai daidaita ba, ɓangare ɗaya na kamawa fiye da ɗaya. Ni ma dai na sani, da daɗewa in na taka sai ta ɗan ja ni dama, taya ɗaya kuma tana zafi kamar an sauke ta daga wuta. Sai nace tunda akwai namu a Sina'iya, unguwar makanikai, mai warsha, wato gareji, bari in kai masa ya ci kuɗin, ɗan uwa ai rabin jiki ne. Ya duba yace Alhaji kalifa ce ta cije, wato ƙarfen nan da ke matse faifan taya in ka taka birki, fistin ya yi tsatsa, za mu kwance duka biyun na gaba mu wanke mu sa sabbin robobi mu canza fahmat, wato takalman birkin da ke goga faifan. Nace bismilla. Riyal 450 da kaya da aiki, ko ragi ban nema ba.

Da magariba na zo ɗauka, ina taka birki sai naji kamar na taka soson wanka, ƙafata ta tafi luuu har ta kusa taɓa ƙasa, sai na tattaka sau biyu sau uku sannan yake ɗan yin tauri. Nace malam wannan fa? Yace haba Alhaji sabbin fahmat ne, ka yi kwana biyu kana yawo za su zauna. Ni kuma da yake ba sana'ata bace na yarda. To amma ko jahili ya san sabon fahmat baya sa birki ya nutse haka, iska ce. Man birki baya matsuwa, in ka taka nan take yake tura fistin, ita kuwa iska in ta shiga layin sai ka gama matse ta tukuna kafin ƙarfin ya isa taya, shi yasa kake jin taushin nan. Wannan duk daga baya na fahimta, bayan an gama wanke ni tas.

Washegari a titin Falasɗin danja ta kama, akwai wata GMC a gabana, na taka, babu. Innalillahi. Na tattaka kamar mai ɗinki da keken ƙafa, na ja birkin hannu, Allah ya tsayar da ni saura kamar taki ɗaya. Da na daki bayan motar nan da sai a kira Najm, masu zuwa duba haɗari su raba laifi, kuma wanda ya daki baya shi ake ɗora wa laifi, da kuma babu kowa a gabana na zarce da ja, kyamarar Sahir mai kama masu karya dokar titi ba ruwanta da wai birkinka ya sha iska, tara daga riyal 3,000 take farawa. Albashina nawa ne?

Na koma. Yace to bari mu yi tansim, haka suke ce wa cire iskar a nan. Ya sa wani yaronsa a kujera yana takawa, shi yana ƙasa yana buɗe ɗan bakin cire iskar da ke jikin kalifa yana rufewa, mai yana tsartuwa a ƙasa da jikin taya ko tiyo babu balle kwalba, ta ina za ka ga kumfa ta fita ko bata fita ba? Yaron kuma kunnensa da abin jin waƙa, ana ce masa riƙe yana saki. Kuma sakin nan shi ne matsalar, in bakin yana buɗe ka ɗaga ƙafa to iskar da ka kora ita za ka sake zuƙowa. Ina tsaye ina kallo robar man da ke gaban injin ta ƙafe ƙaf, ba wanda ya ƙara, sai da nace malam mai fa ya ƙare sannan ya ɗauko wata tsohuwar gora da ke buɗe a kan teburi ya tuttula. A Jiddan nan da raɓa take jiƙa gilashin mota da dare! Man birki jan ruwa yake daga iska, nau'in DOT 3 ɗin da aka rubuta a murfin motata in sabo ne sai ya wuce digiri 205 kafin ya tafasa, in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140, in kuwa ya tafasa tururi ne a layin, birki ya tafi kenan. Ni da nake shirin kai iyali Ɗa'if ran Juma'a, ku da kuka san gangaren Hada kun san me nake nufi, lanƙwasa bayan lanƙwasa kana saukowa daga kan dutse ƙafarka na kan birki.

Karo na uku sai labari ya canza, wai Alhaji masta ce ta mutu, wato famfon da ke tura mai zuwa tayoyi in ka taka birki. Masta da lafiyarta ƙalau na kawo mota? Yace ai tsufa ne. Na je na sayo sabuwa riyal 380, aikin ɗaurawa 100, aka sake tansim, aka ƙarar da gora biyu ta mai. Birki yana nan jiya i yau. Sai cewa yayi wai ABS, na'urar da ke hana taya cijewa in an taka birki da ƙarfi, shi ne ya sha iska sai an sa kwamfuta, kuma shi bashi da ita, in je wani waje. Kai jama'a. In ma ya sha, waye ya bar robar ta ƙafe?

Wani maƙocina ne yace in kai wa wani dattijo, Bahaushen Sudan ne mutumin Mai Wurno, warsharsa ko allo babu. Na kai motar a kan saɗha, motar ɗaukar mota, don na daina yarda da raina a cikinta, wani 120 ɗin kenan. Tsohon nan ya cire taya ɗaya, ya leƙa, ko sifana bai ɗauka ba, sai ya kira ni yace ɗana zo ka gani, ina bakin cire iskar yake? Nace gashi nan a ƙasa Baba. Yace to in ka nutsa kwalba a ruwa kumfa ina take zuwa? Nace sama. Yace to shi kenan, wanda ya maka aikin nan ya ɗaura ta dama a hagu ta hagu a dama, ƙusoshin suna shiga daidai shi yasa bai lura ba, amma bakin ya koma ƙasa, iskar tana can sama a maƙale, ko tanka guda ta mai za ku zuba ba za ta fito ba. Ya goge jikin ƙarfen da tsumma ya nuna min harafin R ɓaro-ɓaro a kalifar da ke hagu.

Ya mayar da kowacce gidanta, ya sa sabbin washa na tagulla, 'yan zobban nan masu hana mai yoyo, a bakin tiyo, ya fasa sabuwar gora a gabana. Ya zaunar da ni a kujera yace ka taka a hankali sau uku ka riƙe, kar ka kai ƙasa, kar ka saki sai nace. Ya fara daga tayar baya ta dama wadda ta fi nisa da masta, sai baya hagu, sai gaba dama, sai gaba hagu, da ɗan farin tiyo cikin kwalba ina ganin kumfa na fita ɓul ɓul har ta ɗauke, duk taya ɗaya sai ya tashi ya duba robar. Minti arba'in bai cika ba birki ya yi tauri kamar dutse, ba kwamfuta ba komai. Riyal 80 ya karɓa, ya kuma dubi tsohuwar mastar da ke but ɗina yace wannan ai babu abin da ya same ta.

Na ɗauke ta na koma wajen mutumina na ajiye masa a kan teburi, nace malam kalifa ka juya min, ga hoto. Ya kalla ya kalla, wai ai yaron ne ya ɗaura, kuma Alhaji ai na faɗa maka tun farko iska ce. Yaushe?! Nace to kuɗin masta da saɗha fa, riyal 600 ne. Wai in yi haƙuri kasuwa ba daɗi, in na kawo canjin mai zai min kyauta. Wato in sake bashi motata. Gobe Alhamis da safe zan koma fahas, daga can kuma warsharsa na nufa, mastar tana nan kan teburinsa kuma na rantse ba zan ɗauke ta ba sai da kuɗina.