Masu adawa da jari-hujja ba kasuwa suke ƙi ba

Duk lokacin da zanga-zangar adawa da jari-hujja ta bazu daga wannan ƙasa zuwa waccan, sai ka ji ana cewa ai maƙiya kasuwanci ne, so suke a ƙwace dukiyar wanda ya yi gumi a ba wanda bai yi ba. Maganar tana damuna, ko da yake na san tushenta: a cikin taron akwai 'yan gurguzu na gaske, kuma hoton shagon da aka fasa ya fi saurin yaɗuwa.

Amma saye da sayarwa sun girmi jari-hujja nesa ba kusa ba. Kukan mafi yawan masu fitowa shi ne tsarin da ya mayar da lafiya, ilimi da fansho haja, mai kuɗi ya samu, marar shi ya ci bashi.

Dubi Chile a Oktoban 2019. Peso 30 (kuɗin ƙasar) aka ƙara a kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Santiago, babban birnin ƙasar, ɗalibai suka fara tsallake shingen biyan kuɗi. Ranar 25 ga watan, mutum fiye da miliyan ɗaya suka cika titunan birnin. Ƙarin kaɗai ba zai fito da su ba. Tun 1981, zamanin mulkin soja na Janar Augusto Pinochet, aka miƙa fanshon ma'aikata ga kamfanoni masu zaman kansu, tsofaffi da yawa suna karɓar abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba. Gyaran fansho da sabon kundin tsarin mulki masu tattakin suka nema.