"Severally": kalmar da ka iya ɗora wa mutum bashin wasu

Duk mai karanta jaridun Turanci na Najeriya ya saba cin karo da ita. Kakakin gwamnati ya ce an gargaɗi 'yan kasuwa "severally", ɗan jarida ya rubuta cewa ya buga wa kwamishina waya "severally" bai ɗauka ba. Nufinsu dai sau da yawa. Nan take masu gyaran Turanci sai su taso, su ce ɓaranɓarama ce, domin a Ingila da Amurka kalmar na nufin kowa shi kaɗai, daban da 'yan uwansa.

A kan asali sun faɗi gaskiya. Tushen kalmar daga Latin yake, inda ake nufin rabawa, kuma ita kanta "several" da can "daban" take nufi kafin ta koma "da dama". Mu a nan mun ɗauki wannan ma'ana ta biyu muka gina tamu a kai. Ban ga jahilci a ciki ba. A watan Janairun 2020 ma babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Najeriya, ciki har da Kannywood da okada da danfo, da kuma wannan ma'ana tamu ta "severally". Saboda haka malamin da ke kunyata ɗalibi a gaban aji a kan wannan kalma bai kyauta ba, kuma yana raunana zuciyar yaron da tun asali da ƙyar yake buɗe baki da Turanci.

Sai dai damuwata tana wani wuri. Aikin ƙamus shi ne ya rubuta yadda mutane ke magana, ba ya canza takardar da lauya ya tsara. A yarjejeniyar bashi da takardar tsayawa wani, tsohuwar ma'anar ce ke aiki har gobe.

A ce 'yan kasuwa uku a Kantin Kwari sun haɗu sun karɓi rancen naira miliyan 3 a banki domin saro atamfa. A ƙasan takardar an rubuta cewa za su ɗauki nauyin biya "jointly and severally". Ɗayansu ya yi sakandare, ya karanta, ya fahimci cewa za su biya tare, a lokuta da dama, wato kashi-kashi. Ya sa hannu hankali kwance. Alhali abin da ya amince da shi shi ne banki na da ikon bin su gaba ɗaya, ko ya zaɓi mutum guda ya nemi dukkan miliyan 3 a wuyansa. Idan kasuwa ta karye, biyu suka yi layar zana, wanda ke da shago da gida a gari shi za a riƙe, daga baya ya je ya nemi kason sauran da kansa.

Wannan shi ne darasin da nake so malaman Turanci su koyar maimakon jan biro kawai: ma'ana biyu ce, ga wadda ake amfani da ita a hira da jarida, ga wadda kotu ta sani. Ma'aikatan banki kuma, tunda sun san yadda jama'armu suka fahimci kalmar, haƙƙi ne a kansu su fassara wannan sashe da Hausa ƙarara kafin su miƙa wa mutum biro.